LAFIYA UWAR JIKI: Karayar Gwiwar Hannun Yara Da Aikin Tiyata

Da zarar bazara ta kama, mangwaro ya fara nuna, ma'aikatan asibiti sukan san cewa lokacin karayar yara ya zo. Wani daga kan itace zai faɗo, wani daga kan katanga ko jaki ko keke, wani kuwa wajen langa ko kokawa za a kayar da shi. Duk yaron da zai faɗi yakan miƙa hannu ya tokare ƙasa don ya kare fuskarsa, nauyin jikinsa gaba ɗaya ya bi ta miƙaƙƙen hannun ya sauka a gwiwa. Abin da ya sa ke nan gwiwar hannu take cikin wuraren da yara suka fi karyewa.

Mutane da yawa suna ɗaukar karaya duk ɗaya ce, a ja, a ɗaure, a bar wa Allah sauran. Ga waɗansu karayoyin hakan yakan wadatar, domin ƙashin yaro yana da saurin kamawa. Amma ta gwiwar hannu dabam take. Ita ce karayar da yaro zai iya rasa amfanin hannunsa saboda ita cikin dare ɗaya, kuma ita ce wadda sau da yawa likita zai ce sai an shiga da shi ɗakin tiyata. Da jin kalmar tiyata sai hankalin iyaye ya tashi, waɗansu har su ɗauke ɗansu su bar asibiti. Ya kamata mai karatu ya san abin da ake yi a cikin ɗakin nan da dalilin yinsa, tun ranar bukata ba ta zo ba.

Yadda Wurin Yake

Ƙasusuwa uku ne suka haɗu a gwiwar hannu: ƙashin damtse guda ɗaya daga sama, da ƙasusuwan sangalin hannu guda biyu daga ƙasa. Dab da mahaɗar, ƙashin damtsen yakan baje ya yi faɗi, yana da rami a gaba da rami a baya, tsakanin ramukan biyu kuwa ƙashin siriri ne ƙwarai. A ramin baya ne tsinin gwiwa yake shiga idan an miƙe hannu. Gaɓoɓin yaro suna da taushi, hannunsa yakan miƙe har ya zarce. To, idan ya faɗi a kan miƙaƙƙen hannu, sai tsinin nan ya daki siririn wurin kamar yadda gizago yake shiga itace, ƙashin ya karye a gicciye. Wannan karaya ta saman gwiwa ta fi rabin dukan karayoyin gwiwar hannu da ake gani a yara, kuma ta fi samun 'yan shekara 5 zuwa 7.

Hatsarin yana ga maƙwabtan ƙashin. Ta gabansa ne babbar jijiyar da take kai jini ga sangali da tafin hannu ta bi. Har wa yau akwai manyan jijiyoyi uku masu kai saƙon ji da motsi ga yatsu: ɗaya ta gaba kusa da jijiyar jinin, ɗaya ta gefen waje, ɗaya kuma ta bayan gefen ciki, watau wadda in mutum ya buge gwiwarsa yakan ji tsirr har cikin ƙaramin yatsa. Idan ƙashin ya rabu biyu, kaifin ɓangaren sama yakan turo gaba, ya danne jijiyar jini ko ya tsaga ta, ko ya ja jijiyar motsi. Sa'an nan ga kumburi, wanda yake ta ƙaruwa cikin kwana biyu ko uku na farko.

Matakan Karayar

A shekarar 1959 wani likitan ƙashi na Amurka mai suna Gartland ya kasa wannan karaya kashi uku, kuma har yanzu da rabonsa likitoci suke aiki, ko da yake daga baya an ƙara na huɗu. Mataki na farko shi ne ƙashin ya tsage amma bai gusa ba. Wannan ba ya bukatar tiyata; simintin asibiti ake sa wa hannun na mako 3 ko kusa da haka, ya warke sarai. Na biyu shi ne ƙashin ya karye ya karkata baya, amma bayansa yana riƙe kamar ƙyauren da yake rataye da fata ɗaya. Waɗansu daga cikin irin wannan akan gyara su a sa siminti, waɗansu kuwa sai an kafe su. Na uku shi ne ɓangarorin biyu sun rabu kwata-kwata, babu abin da ya haɗa su. Wannan kam aikin tiyata ne.

Ido da lalube ba su iya rarrabe matakan nan, balle bayan gwiwa ta kumbura. Hoton ƙashi ne kaɗai yake nunawa, kuma akan ɗauke shi ta fuska biyu, gaba da gefe. Ko karanta hoton ma sai wanda ya saba, saboda yawancin gwiwar ƙaramin yaro guringuntsi ne, shi kuwa guringuntsi ba ya fitowa a hoto. Wurare shida ne a gwiwar suke zama ƙashi ɗaya bayan ɗaya, daga wajen shekara 1 har zuwa wajen shekara 11, saboda haka hoton ɗan shekara uku bai yi kama da na ɗan shekara goma ba.

Me Ya Sa Ɗauri Kaɗai Bai Isa Ba?

Tambayar da iyaye suka fi yi ke nan, kuma tana da amsa. Idan an mayar da karyayyen ƙashin nan mazauninsa, ba ya tsayawa sai an lanƙwashe gwiwar sosai, har tafin hannu ya kusa taɓa kafaɗa. Amma lanƙwasa kumburarriyar gwiwa haka yakan matse jijiyar jini, kamar yadda ruwa yake tsayawa idan an lanƙwashe robar ban ruwa. Idan kuma aka sassauta don jini ya wuce, sai ƙashin ya sake gocewa. Likitocin da suka gabata sun daɗe cikin wannan tsaka mai wuya. Waɗansu sukan kwantar da yaro a gadon asibiti mako biyu ko uku, hannunsa a rataye da igiya da nauyi yana jan sa.

Mafita ta zo ne daga waɗansu siraran tsinkayen ƙarfe da wani likitan Jamus, Martin Kirschner, ya fito da su a shekarar 1909, waɗanda har yau ake kira da sunansa. Daga wajen 1948 aka fara ba da rahoton kafe wannan karaya da su ta cikin fata, kuma daga shekarun 1970 hanyar ta bazu har ta zama ita ce ake bi a ko'ina. Da yake tsinkayen ne suke riƙe ƙashin, babu sauran bukatar matse gwiwa. Sai a bar ta a ɗan lanƙwashe kawai, jini yana gudu yadda ya kamata.

Abin Da Ake Yi A Ɗakin Tiyata

Da farko akan hana yaron abinci na wajen awa 6, domin kada ya yi amai cikin barci ya shaƙe. Sa'an nan a ba shi maganin barci, yadda ba zai ji kome ba, tsokarsa kuma ta saki. Likita ya kama hannun ya ja a hankali, mataimakinsa yana riƙe da damtse, har ɓangarorin su daidaita. Ya gyara karkatar gefe, kana ya lanƙwasa gwiwar yana tura tsininta gaba da babban yatsansa. Duk wannan ana yinsa ne ana kallon ƙashin a kan allon wata na'urar hoto mai kama da talabijin. Idan ya zauna daidai, sai a soka tsinke biyu ko uku ta cikin fata, kowanne kaurinsa bai wuce milimita 2 ba, watau kamar tsinken ashana, su ratsa karayar su kafu a ɗaya ɓangaren. Galibi ta gefen waje ake sa su don a kauce wa jijiyar nan ta gefen ciki. A lanƙwashe bakinsu a bar shi a waje, a rufe da auduga, a sa rabin siminti ta bayan hannu don kumburi ya sami wurin tafiya.

Sau da yawa aikin bai cika wuce awa ɗaya ba, kuma ba a tsaga fata. Yaro yakan kwana ɗaya ko biyu ana duba yatsunsa, a sallame shi. Bayan mako 3 ko 4 a sake ɗaukar hoto, a zare tsinkayen a ɗakin duba marasa lafiya, yawanci ba tare da an sake sa shi barci ba. Babu ƙarfen da ake bari a jikinsa, abin da ya rage sai 'yan tabo kamar na allurar rigakafi.

Akwai inda dole a tsaga: idan tsoka ko jijiya ta shiga tsakanin ɓangarorin ta hana su haɗuwa, idan ƙashin ya huda fata ya fito, idan an gyara amma hannun ya ci gaba da zama fari da sanyi, ko kuwa an kawo yaron a makare ƙashin ya fara kamawa a karkace. Haka nan a asibitin da ba shi da na'urar nan mai allo, likita yakan tsaga don ya gani da idonsa.

Ba a ce aikin ba shi da nasa hatsari ba. Bakin tsinke yana iya yin ƙwari, wanda yakan warke da magani ko da zare tsinken. Wani lokaci tsinke yakan taɓa jijiya. Maganin barci ma sai a hannun wanda ya koya. Amma waɗannan kaɗan ne idan aka auna su da abin da yake biyo bayan barin karayar.

Shanyewar Hannu Da Ruɓewa

Tsokokin sangalin hannu suna cikin wata jaka ce mai tauri wadda ba ta buɗawa. Idan jini ya ragu, tsoka ta kumbura. Kumburin ya ƙara matse ƙananan jijiyoyi. Jinin ya daɗa raguwa. Tsokar da ta rasa jini na wajen awa 6 zuwa 8 ta fara mutuwa ke nan, kuma wadda ta mutu ba ta dawowa. Takan ƙanƙance ta zama kamar busasshiyar jijiya, ta ja wuyan hannu da yatsu su lanƙwashe kamar ƙafar shaho. Wani likitan Jamus, Richard von Volkmann, shi ya yi bayanin wannan cuta a shekarar 1881, ya kuma ɗora laifin a kan matsattsen ɗauri. Ashe ke nan tun kafin a zargi kowa a nan, likitocin Turai sun riga sun yi wannan kuskure, sun kuma koyi darasi daga gare shi.

Alamomin ba su da wuyar ganewa. Ciwon da yake ƙaruwa maimakon ya ragu bayan an ɗaure, yaron da ya kasa barci yana ta kuka, magani kuma bai kwantar da shi ba, ihu idan an ɗan miƙar masa da yatsu, yatsun da suka kumbura suka yi sanyi ko suka sake launi, ko suka daina ji. Kada a ce tun da ana jin bugun jini a wuyan hannu ai lafiya lau, domin tsoka tana iya mutuwa alhali bugun yana nan. Abin yi shi ne a kwance ɗaurin gaba ɗaya har fata, ko na wane ne, a garzaya asibiti a wannan sa'a, ko da tsakar dare ne. A can, in ta kama, likita zai tsaga jakar tsokar don ta sami sarari. Idan aka wuce haka jini ya yanke gaba ɗaya, sai hannu ya yi baƙi ya ruɓe, dafin ya shiga jiki, ya zama ba a tsirar da ran yaron sai an yanke.

Masu Ɗori

Babu mai musun cewa masu ɗorin gargajiya suna da gurbi a cikin jama'a. Suna kusa, kuɗinsu da sauƙi, sana'ar kuma gado ce da aka san gidajenta, kuma mutane da dama sun warke a hannunsu. Sai dai mai ɗori, kome gwanintarsa, ba ya ganin abin da ke ƙarƙashin fata. Hanyarsa ita ce ja da murza da ɗaure karare ko tsagin gora tamau, ita kuwa wannan karaya babu abin da ta ƙi jini kamar murza da matsi. Idan yaro ya yi kuka sai a ce ɗori ne yake kamawa, kada a taɓa sai ranar kwancewa. Ranar da aka kwance sai a tarar aikin gama ya gama. Likitocin Zariya da Maiduguri da Inugu sun sha rubuta rahoto a kan yaran da aka yanke wa hannu ko ƙafa ta wannan hanya, bayan karayar da ba ta isa ta raba su da gaɓarsu ba.

Daga nan ne maganar nan ta samo asali, wai asibiti yanke hannu suke yi. Mutanen gari sun ga an tafi da yaro da hannu biyu an dawo da shi da dungu, amma ba su ga yadda hannun yake ba lokacin da aka kwance tsumma a gaban likita. Yaron da aka kawo ranar da ya faɗi, da wuya ƙwarai a yi zancen yanke masa hannu. Tsoron yanka ne yake sa jinkiri, jinkirin kuma ya jawo yankan: an gudu gara an faɗa wa zago.

Gyaran wannan ba ya yiwuwa da zage-zage. A kudancin Habasha an tara masu ɗori an koya musu hatsarin matsattsen ɗauri da irin karayar da ya kamata su tura asibiti, kuma rahoton da aka buga a shekarar 2005 ya nuna yankan gaɓoɓi saboda ruɓewa ya ragu a yankin. Mai ɗorin da ya dubi gwiwar yaro ya ce wannan ta asibiti ce, bai rage wa kansa daraja ba ko kaɗan.

Kamawa A Karkace

Ko an tsira daga ruɓewa, akwai saura. Ƙashin yaro yakan fara kamawa cikin mako ɗaya zuwa kwana 10, a mako 3 ya riga ya haɗe, ko daidai ko a karkace. Akan ce ai yaro ne, girma zai gyara. Wannan gaskiya ne a wuyan hannu da kusa da kafaɗa, inda ƙashi yake yin yawancin tsawonsa. Amma ƙarshen ƙashin damtse na wajen gwiwa kashi ɗaya cikin biyar kawai yake bayarwa na tsawon ƙashin, saboda haka karkatar gefe ba ta miƙewa. Yaro zai girma da hannun da ya lanƙwasa ciki kamar gindin bindiga, gyaransa kuwa sai an sake yanka ƙashin a tiyata, aikin da ya fi na farko girma da tsada.

Akwai kuma karaya ta biyu a yawa, mai yaudara, watau ta ƙullutun gefen waje na gwiwa. Kumburinta kaɗan ne, a hoto kuma sai a ga kamar ɗan ɓallin ƙashi ne, alhali babban yanki ne na guringuntsin mahaɗa. Tsokoki suna jan sa, ruwan gaɓa yana shiga tsakani, sai ya ƙi kamawa. Idan ya gusa fiye da milimita 2 akan kafe shi. In bai gusa ba akan sa siminti a sake hoto bayan mako guda. Wanda aka bari, bayan shekaru hannun yakan karkata waje, ƙaramin yatsa da na kusa da shi su fara mutuwa.

Abin Da Iyaye Za Su Yi

Idan yaro ya faɗi, gwiwarsa ta kumbura, ya ƙi motsa hannun, a ɗauka karaya ce har sai hoto ya nuna ba ita ba ce. Kada a ja, kada a murza, kada a gwada miƙewa. A tallafe hannun yadda aka same shi da kwali ko ɗan katako da aka naɗe da zane, a ɗaura sako-sako yadda yatsa zai iya shiga. A cire awarwaro da zobe da kambu tun kumburi bai riƙe su ba. In akwai rauni a rufe da tsabtataccen ƙyalle, kada a zuba kome a ciki. Kada a ba shi abinci, ko da za a bukaci sa shi barci. A nufi asibitin da yake da na'urar hoto. Manyan asibitocin ƙashi na ƙasa kamar na Dala a Kano, da na Igbobi a Ikko, da na Inugu, da asibitocin koyarwa irin na Zariya, Sakkwato, Maiduguri, Jos da Ibadan, duk suna da likitocin ƙashi.

Bayan aiki, a ɗaga hannun a kan matashi kwanakin farko, a sa yaron ya riƙa motsa yatsu, a kiyaye simintin daga ruwa, kada a bar shi ya tura tsinke ciki don ƙaiƙayi. Zazzaɓi, wari, ko ciwon da ya dawo, duk dalilin komawa asibiti ne. Idan jijiyar motsi ta taɓu tun wajen faɗuwa, yawanci takan farfaɗo da kanta cikin wata 2 zuwa 6.

Ranar da aka cire siminti gwiwar za ta sanƙare, kuma nan ne waɗansu iyaye suke ɓata aikin da aka gama. Sai a ga ana gasawa da ruwan zafi ana murzawa, ana ja da ƙarfi, ko a ba yaro bokitin ruwa ya ɗauka wai don hannu ya miƙe. Wannan yana iya sa ƙashi ya tsiro a cikin tsoka, gwiwar ta ƙara ƙagewa. A ƙyale shi ya ci abinci da hannunsa, ya sa rigarsa, ya yi wasansa na ƙasa. Yawancin motsin yakan dawo cikin wata biyu ko uku, ragowar kuma a hankali har zuwa shekara. Wanda ya bukaci gashin ƙashi, likita ne zai tura shi.

Saura nauyin da ke kan hukuma. Iyaye da yawa ba jahilci ne yake kai su wajen mai ɗori ba, nisa ne da rashin kuɗi. Tsinkayen nan ba su da tsada. Abin da yake da wuyar samu shi ne na'urar hoto mai aiki, da wutar da za ta kunna ta, da mai ba da maganin barci, da likitan da zai tashi cikin dare. Lalle ne gwamnatocin jihohi su wadata manyan asibitocinsu da waɗannan, su kuma sa a fara duba yaron da ya karye kafin a tambayi ubansa kuɗi. Hannun da aka ceta da tsinke biyu yana da shekara sittin ko fiye na noma da rubutu da sana'a a gabansa. Allah Ya kiyaye yara, Ya ba marasa lafiya sauƙi, amin.